Kwana goma a hamadar Amurka da mota da tanti: amsa ga ƙanina na Aboabo

Wani ƙanina ɗan Aboabo, mai sayar da kayan mota a Suame Magazine, ya aiko mini da wannan tambaya:

"Yaya, Allah ya nufa na samu biza, zan je wurin wana a Las Vegas cikin watan Agusta. Mun shirya mu ɗauki hayar mota, ni da shi da matarsa da 'ya'yansu biyu, mu yi kwana goma muna zaga gandayen hamada: Death Valley, Joshua Tree, Grand Canyon, Zion da Arches. A tanti za mu riƙa kwana, da rana mu yi yawon ƙafa cikin duwatsu. Zafi dai ba ya damuna, a rana nake wuni. Me zan tanada, kuma ta ina za mu fara?"

Ƙanina, barka da arziki, Allah ya kai ka lafiya ya dawo mana da kai lafiya. Kaya ka tambaye ni, amma abin da ya tsaya mini a rai cikin saƙonka shi ne "zafi ba ya damuna". Ni ma na taɓa faɗin haka da bakin nan nawa, kuma saura ƙiris a kawo wa mutanen Asawase labarina a maimakona. Shekara tara na yi ina jan tirela tsakanin Kalifoniya, Nebada, Arizona da Yuta, na ƙara wasu shekaru ina kai baƙi wuraren nan da ka lissafa, kafin in tattaro nawa ya nawa in dawo gida.

Zafin da ka sani na Kumasi mai laima ne. Ka ɗauko giyabos daga wannan rumfa zuwa waccan, kafin ka dire rigarka ta yi sharkaf, gumi na tsiyaya kana gani, shi ne ma yake sa ka ƙwala wa mai fiya wata kira. Can kuwa iskar a bushe take ƙayau, ta fi hunturun Bolgatanga. Gumi na fitowa tana lashewa. Jiki a bushe, riga a bushe, kana cewa ai ko gajiya ban fara ba, alhali mai tafiyar ƙafa a rana yana iya zubar da lita guda ko fiye cikin awa ɗaya. Shaidar da za ka gani kawai farin gishiri ne ya yi zane a wuyan riga da bakin hula. Wanda ya saba auna wahalarsa da jiƙewar riga, tun ranar da ya sauka daga jirgi ma'auninsa ya daina aiki, shi kuwa bai sani ba.

Shekarata ta farko, ƙarshen watan Mayu, na tsaya a Death Valley, wato Kwarin Mutuwa. Na shiga wani kwazazzabo da ake kira Golden Canyon wajen ƙarfe goma sha ɗaya, da gora guda mai cin lita ɗaya da rabi, ƙafata da silifa. Na ga turawa suna fitowa, fuska ja jawur, kowa da jaka a baya, na yi musu dariya a zuci. Ban cika awa ɗaya da rabi ba kaina ya fara sara kamar ana kiɗan kalangu a ciki. Na ɗaga gora, ko ɗigo babu, ban ma san sa'ad da na shanye ba. Sai tsokar ƙafata ta murɗe. Na zauna kan dutse in huta, ya ƙone ni ta cikin wando. Abin da ban manta ba har yau harshena ne: ya yi kauri, ina son in yi salati ya ƙi juyawa. Wata tsohuwar baturiya da mijinta suka iske ni. Ta ja ni inuwar bangon dutse, ta tuttula mini ruwa a ka da riga, tana yi mini fifita da taswira, mijin yana ba ni ruwa ƙurɓi-ƙurɓi da biskit mai gishiri. Ƙato guda ɗan Afirka, sa'ar kakata tana yi mini fifita.

Wancan fa Mayu ne, kai kuwa Agusta kake magana. A Furnace Creek, inda ofishin gandun yake, aka auna digiri 56.7 ranar 10 ga Yuli 1913, kuma har yau shi ne adadin da ake riƙe da shi a hukumance a matsayin zafi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a duniya. A Yuli da Agusta zafin rana na yau da kullum 46 ne zuwa 47, dare kuma sau da yawa ba ya sauka ƙasa da 30. Wurin rami ne. Badwater, can ƙasan kwarin, yana mita 86 ƙasa da teku, ga duwatsu sun yi masa zobe, wani ya haura mita 3,300, iska mai zafi in ta tashi sai ta rasa mafita ta sake gangarowa. Ruwan saman da yake samu a shekara bai cika milimita 60 ba, abin da hadari ɗaya mai kyau zai zubar a Kumasi. Jami'an gandun da kansu suna gargaɗi kada a yi tafiyar ƙafa a kwari bayan ƙarfe goma na safe a lokacin zafi. In ya haura 49 ma, jirgin ceto mai saukar ungulu ba ya iya tashi lafiya, don iskar ta yi sako-sako ba ta ɗaukarsa. Tanti a nan cikin Agusta tanderu ne, kuma yara za ku sa a ciki.

Ayarin Azbinawa da ke ratsa Tenere daga ƙasar Agadas zuwa Fachi da Bilma ɗauko gishiri, sai damina ta ɗauke sanyi ya fara shigowa suke ɗaura wa raƙuma kaya. Ba ka taɓa jin madugu ya ta da ayari a tsakiyar bazara don a ce masa jarumi ba. To kai ma, idan tikitinka yana canzuwa, ko da za a ci ka tara, mayar da shi ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ko ƙarshen Maris zuwa Afrilu. A lokacin kwari ya huce, tudu kuma sanyinsa bai yi tsanani ba.

Na san dalilin Agusta, yaran suna hutu. Idan ba yadda za a yi, ku nemi tudu. Bakin kudu na Grand Canyon yana kusan mita 2,100 sama da teku, Bryce Canyon da ke kusa da Zion ya haura 2,400, duka biyun ana kwana a tanti da daɗi a Agusta. Death Valley sai dai leƙe: ku bar Las Vegas ƙarfe uku na dare, rana ta fito muku a Zabriskie Point, ku gangara Badwater ku taka gishiri, ƙarfe goma ta yi muku a hanyar fita.

Sannan gandu biyar cikin kwana goma, da yara, rabin hutun a kujerar mota za ku yi shi. Daga Las Vegas zuwa Zion kusan kilomita 260 ne, kamar Kumasi zuwa Akra. Zuwa bakin kudu na Grand Canyon kusan 450, ya wuce Kumasi zuwa Tamale. Zuwa Moab, garin da ke bakin Arches, sama da 700. Death Valley shi kaɗai ya haura murabba'in kilomita 13,000, ya kusa ninka gandun Mole sau uku, cikinsa kawai sai ka wuni kana tuƙi. Allunan hanya da mil ake rubuta su, kowane mil kilomita 1.6 ne, kada ka ga 90 ka ce an kusa. Ni da ni ne, a Oktoba, kwana biyu a Death Valley, uku a Zion, uku a Grand Canyon, sauran biyun na hanya da wanki. Arches zai yi ciwon bari, don bakunan dutse sama da 2,000 ne a wurin, amma ya yi nisa. Joshua Tree kuma kudu yake, bayanku. In kun nace sai kun je, ku sani a tsakiyarsa, wajen masaukin Jumbo Rocks, babu famfo ko ɗaya, daga baki ake shiga da ruwa. In kun fita ta ƙofar kudu akwai wani ƙaramin gari mai suna Mecca a yankin da ake noman dabino. Ka sayi dabinon, amma kada ka dawo Aboabo ka ce a riƙa kiranka Alhaji.

Yanzu ruwa, wanda shi ne rabin amsar tambayarka. Mafi ƙarancin abin da hukumar gandun ke faɗa shi ne galan guda na Amurka ga mutum ɗaya a yini, kusan lita 4, wato ledar fiya wata takwas. Wannan na sha ne kawai, kuma na wanda bai wahala sosai ba. Ku biyar, lita 20 ke nan kullum. Baturen da ya yi wannan lissafi bai san buta ba. Mu akwai tsarki, akwai alwala, ga girki da wanke-wanke, saboda haka ka ƙara kusan wani 20 ɗin. Ka ƙaddara galan Kufuor biyu, wato jarka mai cin kusan lita 20, kowace rana, da na uku a ƙasan but wanda ba mai taɓa shi ko da wa zai yi fushi, na ranar da mota ta tsaya ne. Manyan kantuna a Las Vegas suna sayar da irin waɗannan jarkoki, ku cika tun daga gida, duk inda kuka ga famfon sha kuma ku ƙara ko da ba su yi rabi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A kan turba kuwa, kowa ya ɗauki nasa, har yaran, gwargwadon ƙarfinsu. Dokar da nake kafa wa baƙina ba ta da roƙo: ruwa ya kai rabi, a juya, ko da abin da aka zo gani yana bayan dutsen can. Kada a jira ƙishirwa, a riƙa kurɓa akai-akai. Ka riƙa duba fitsari, in ya yi kalar shayi an bar ka a baya.

Ruwa zalla ma yana da nasa haɗarin. Mutum ya yi ta zubar da gishiri ta gumi yana ɗura ruwa ba ya cin komai, gishirin jininsa ya tsinke, sai amai da ruɗewa, a ɗauka ƙishirwa ce a ƙara masa ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Maganinsa ci. Nan abincinmu ya fi nasu: gari da sukari da gyaɗa, ƙuli-ƙuli, dakuwa, dabino, sai 'yan ƙunshin garin gishiri da sukari irin wanda ake ba yaro mai gudawa. Gari ba ya lalacewa, ba ya neman wuta. Kilishi kam bar shi a Kumasi, kwastan ɗin Amurka ba sa barin nama ya shiga daga nan, kuma duk abincin da ka ɗauko ka faɗa musu da bakinka kafin su gani, don ɓoyewar ce ke jawo tara. Ka sa man kaɗanya a jaka saboda leɓe da dunduniya da cikin hanci, busasshiyar iskar tana sa yara haɓo.

Abin da ya fi mini amfani a duk shekarun nan, wanda ba a kanti na saya ba, shi ne lokutan salla. A tashi kafin asuba, a sha shayi, a ɗaura takalmi. Ana sallamewa a kama hanya da tocila a goshi, gari na wayewa kun yi nisa. Hantsi ya fara zafi, a juyo. Daga nan har la'asar, inuwa: barci, girki, ofishin baƙi mai esi inda yara za su kalli hotuna, ko tuƙi zuwa zango na gaba. La'asar sakaliya a sake ɗan fita kusa, a dawo kafin magariba. Fataken goro da suka riƙa zuwa Salaga haka suke yi, sammako, sannan a sauke kaya kafin rana ta gasa jakuna, kuma inda suke saukewar ne ya ba unguwanninmu sunan zango. Baƙina turawa sukan yi mini ƙorafin tashin ƙarfe huɗu, har sai mun haɗu da masu shiga ƙarfe goma muna fitowa.

Ka san alamun da za ka tsaya. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, murɗewar tsoka: a nemi inuwa, a jiƙa riga, a sha, a ci, tafiyar ranar ta ƙare. In mutum ya fara magana ba kan gado, yana tangaɗi, ko ya yi fushi ba dalili, jikinsa rau da zafi, wannan bugun rana ne, yana kisa. A jiƙa shi jagab, a yi ta fifita, a kira lambar agajin gaggawa 911 ko a tura wani ya nemo jami'i. Yaro ba zai ce maka yana jin jiri ba. In mai surutun nan ya yi tsit, duba shi.

Grand Canyon yana da tarko nasa daban, kuma ƙarfafan samari irinka yake kamawa. Dutsen da ka sani, irin Afadjato, hawa ake fara yi, in ka gaji ka juyo gangara ta kawo ka gida. Can a kife yake. Da gangara ake farawa, da sanyin safiya, ƙafa na gudu da kanta, kana raha kana ɗaukar hoto. Daga baki zuwa kogin Kolorado saukar ta kai wajen mita 1,400, kuma kana sauka zafi na ƙaruwa, ƙasan ya fi saman da digiri goma ko fiye. Sai ka gaji, rana ta take, ruwa ya ja baya, sannan hawan zai fara, a tudun da iskarsa ba ta cika ƙirjin mutumin Kumasi, garin da bai wuce mita 300 ba. Hawa yana cin ninki biyu na lokacin sauka. Awa ɗaya ƙasa, awa biyu sama. Allunan wurin sun hana zuwa kogi a dawo a yini ɗaya, kuma ba don tsoratarwa ba ne. Ku bi turbar Bright Angel zuwa rumfar hutawa ta farko, mil ɗaya da rabi, ku juyo. Ku tambaya a ofis ko famfonta yana aiki ranar, don ba duk shekara yake a buɗe ba, bututun kuma yakan fashe. Turbar South Kaibab ta fi kyan gani amma ba ruwa ko kaɗan, inuwa ma sai an yi dace. Alfadarai na zuwa, a manne da bango a yi shiru.

Abin mamaki, ban da ƙishirwa, ruwa ma yana cin mutane a hamada. Daga Yuli zuwa Satumba lokacin hadarinsu ne, ƙasar kuma dutse ce ba ta sha. Kai ɗan Aboabo ne, ka san yadda rafin unguwarku yake tumbatsa, amma kai kana ganin ruwan yana sauka a kanka. Can sama tana garau inda kake, hadarin ya zuba a wani tudu mai nisan kilomita da yawa, sai dai ka ji ƙugi kamar tirela na tahowa, ga laka da itace da duwatsu sun cika kwazazzabon. A Satumba 2015 mutum bakwai suka rasu haka a Keyhole Canyon cikin Zion. A Agusta 2022 ambaliya ta tsare mutum kusan dubu a Death Valley, ta binne motoci a laka. Kada ku kafa tanti a busasshiyar ƙorama, duk laushin yashinta. Shahararriyar tafiyar nan ta Narrows a Zion, inda ake bin cikin kogi tsakanin bangaye biyu, a duba hasashen ambaliya a ofis da safen ranar kafin a shiga. In ruwan ya fara canza launi, a hau sama nan take, ba a tsere da shi.

Mota kam ba sai na koya wa ɗan Magazine ba, amma motar haya tana da halinta. Wani kamfani ya taɓa ba ni mota sabuwa fil, sai da taya ta yi faci a bayan gari na ɗaga shimfiɗar but, ba safaya, ba jak, sai gwangwanin gam da ɗan famfo. Ka duba da idonka tun a garejinsu. Yawancin takardun haya sun hana sauka daga kwalta, in kun sauka inshora ta fita. Tanki ya kai rabi a sha mai, don tsakanin gidan mai da gidan mai akwai nisa, na cikin gandu kuma tsada gare shi. A dogon hawa cikin zafi ka sa ido kan allurar zafin inji, ta fara tashi a kashe esi. A doguwar gangara giya ce ke riƙe mota, wanda ya kwanta kan birki zai ji ƙauri. Hannun tuƙi ɗaya ne da namu, tun 1974 Gana ta koma dama. Ka karɓi lasin ƙasa da ƙasa a DVLA, ofishin lasin tuƙi, ka haɗa da naka, kuma a rubuta sunanka cikin direbobi a takardar haya. Fasfo ya kasance a jikinka, inshorar lafiya ta matafiya kuma kada ka yi mata rowa, asibitin can ba ya wasa.

Sabis ɗin waya yana ɗaukewa a yawancin wuraren nan. Ku sauke taswira a waya tun a gari, ku karɓi ta takarda a ƙofar gandu, in wayar ta ce ku bar kwalta ku bi wata 'yar burji wai ta fi kusa, ku ƙi. A Yuli 1996 wasu Jamusawa huɗu, manya biyu da yara biyu, suka shiga irin wannan hanya da motar haya a Death Valley. Sai a Oktoba aka ga motar, taya uku a fashe. Ƙasusuwan manyan kuwa sai 2009 aka tsinto su, nesa da motar. In mota ta tsaya, a zauna wurinta. Tana da inuwa, tana da ruwa, kuma daga sama an fi ganin mota da ganin mutum. Kullum kafin ku tashi ku gaya wa wani a gari inda za ku da lokacin da zai ji daga gare ku.

Wurin kwana ba kamar gida ba ne da za ka sallama a ba ka fili. Masaukan tanti irin su Watchman a Zion da Mather a Grand Canyon ana kama su ta intanet a Recreation.gov, ana buɗewa wata shida kafin ranar, masu kyau kuma nan da nan suke ƙarewa. Wan naka ya fara wannan tun yau. Ya kuma sayi katin shekara na shiga gandaye, dala 80 ne ga mazaunin Amurka, ya fi biya ƙofa-ƙofa.

Tantin da za ku kwana ba na Mina ba ne mai esi, ƙyalle ne da sanduna, kuma iskar hamada tana tashi ba sallama. A kafa turaku duka, a danne da duwatsu, na ga tanti yana mirginawa kamar kwando mai shi na binsa da cokali a hannu. Abin da zai ba ka mamaki sanyi ne. Busasshiyar iska ba ta riƙe zafi, rana na faɗuwa yake tsere. Wani ƙarshen Oktoba a Mather na bar buta a waje, da asuba na karkata ta ba abin da ya fito, na girgiza na ji ƙanƙara tana ƙas-ƙas a ciki. Tun daga ranar nake kwana da ita a gefen ƙafata cikin tanti. Buhun barci mai kauri, katifar soso a ƙasa don ƙasar ce ke zuƙe ɗumin jiki, hular sanyi, safa. Ba a tsintar itace a gandu, risho mai gas za ku yi girki da shi, kuma wani lokaci ana hana hura wuta ɗungum saboda gobara. Abinci a kulle cikin mota, hankakin can ya iya buɗe zif. Shara ku fita da abinku, dutse ko tsiro ba a ɗauka, suna ba a rubutawa a bango.

Takalmi rufaffe, ko da fitsarin dare za ka fita, kuma kowace safiya a kife shi a kakkaɓe saboda kunama. Macijinsu mai caki ne a wutsiya, yakan kaɗa ya yi maka kashedi. Ka ji shi, tsaya, ka gano inda yake, ka ja da baya. Kada a sa hannu inda ido bai gani ba. In tsautsayi ya faɗa, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau, ba baƙin dutse. A cire zobe da agogo, a kwantar da hankali, a nufi asibiti. Akwai kuma wata ƙaya da suke kira colla, ƙarangiya 'yar wasa ce a gabanta, guntunta yana maƙalewa daga ɗan shafa, ka sa hannu ka cire ta kama hannun. Matsefi ake zurawa ƙarƙashinta a fizge.

Salla za ta yi muku sauƙi, ku matafiya ne, akwai ƙasaru, akwai haɗawa, in ruwa ya yi wuya ga ƙasa mai tsarki ko'ina. Alƙibla ce za ta ruɗe ka. A Kumasi gabas muke fuskanta da ɗan karkata arewa. A Nebada da Yuta da Arizona kusan arewa ake kallo, da karkata gabas wajen digiri 25 zuwa 30. Da dare ka nemo tauraron arewa, ka ɗan juya dama. Agogo ma kada ka yarda da shi ido rufe, Yuta tana gaban Nebada da awa guda, Arizona kuma ba ta canza agogo yadda maƙwabtanta suke yi. Bayan isha'i ku kashe fitilu duka ku ba idonku minti ashirin. Rabona da ganin kaza da 'ya'yanta tar haka tun ina yaro a ƙauyen kakata, sai a Death Valley.

Kafin ka tashi ka gwada kanka a nan. Sayi takalmin yanzu, rufaffe mai ƙarfin tafi, ya fi ƙafarka kaɗan, ka riƙa zuwa Magazine da shi har ya saba, don sabon takalmi a gangarar Grand Canyon farce yake cirewa. Wata Lahadi ka je tafkin Bosomtwe da asuba da lita huɗu a jaka, ka gangara daga saman tudu zuwa Abono da ƙafa, ka huta, ka hauro. Shi ma sauka ake fara yi. Ka duba agogo a sauka da hawa, ka ga ruwa nawa ya rage, ka zo ka faɗa mini. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci ka biyo ta gida, akwai buhun barci biyu da tocilar goshi da na dawo da su suna nan a saman sif. Zif ɗin ɗaya yana cijewa, ka goga masa kyandir.